Ƙanshin Nama a Ɗakin Iya Hajo

Zoza,
farkon damina, 1991

Zuwa ga autata Maijidda, a Karaye.

Ni ce Hajo. Lantana matar Sulle ce take rubuta min, ga ta nan zaune a kan turmina, ta yago tsakiyar littafin ɗanta. Na ce mata yadda magana ta fito daga bakina haka za ta zuba ta, kar ta yi min kwalliyar 'yan boko.

Ina gaishe ki, gaisuwa mai yawa. Ya nauyin jiki? Ya maigidan, ya Hajiyarku, ya su Habiba? Allah Ya raba ku lafiya, Ya sa mu ji alheri.

Kin ce in riƙa ba ki labarin jikina. To ga shi. Kin tuna mutumin nan na asibitinku mai farar riga, da ya ce suga ne ya hau lissafi: ban da tuwo, ban da fura, ban da koko, ban da rogo, ban da rake, ban da mazarƙwaila. Na ce ɗan nan, ka ce min in mutu mana ka huta da ƙirga. Ke kuma kika ce ai nama ba ya cikin lissafin, in ci nama kawai, ku za ku ɗauki nauyi. To Ilu mahauci bai taɓa saɓawa ba. Duk ranar kasuwa zai tsaya da baburinsa a ƙofar gida ya miƙo ƙunshi, wani soyayye wani ɗanye. Ki yi wa maigidan godiya, ni bakina ba zai iya ba.

Kwanakin farko na sha wuya, Auta. Kaina kamar ana sussuka a ciki. In Barira matar Isyaku ta ɗora tuwo sai in zagaya bayan ɗaki in zauna a gindin zogale, don kar in ji ƙanshin ƙanzo. Na yi wa ƙanzo kuka, da tsufana. Lantana tana dariya. Yi dariyarki, yarinya, Allah Ya kai ki.

Haƙoran da suka rage min ba na faɗa da nama ba ne. Dafa shi nake ya yi luguf, in zuba a turmi in kirɓa, in sa gishiri da ɗan yaji. Safe shi, rana shi, dare shi.

Amma gaskiya an ga amfani. Kiyashin nan da suke taruwa inda na yi fitsari sun daina zuwa. Ƙishirwar nan mai hana ni sakat ta ragu. Ido ya washe, shekaranjiya da kaina na zura zare a allura. Abu ɗaya ne yake ban mamaki, yunwa ta tafi. Ba ƙoshi nake nufi ba. Kamar wani ya shigo ya ɗauke ta ya ajiye min a wani wuri.

Sai dai kunya. Bana rumbuna sun yi ƙasa da wuri, gidan nan tafasa da rama ake kwaɗawa da rana, ni kuwa hayaƙi yana tashi daga ɗakina da ƙanshin nama har bakin rijiya. Na ɗiba na aika wa Barira, ta dawo min da kwanon, wai naman magani ne ba za su cinye min ba. Isyaku kuwa kin san shi, tun da babanku ya rasu yake riƙe da ni kamar shi na haifa ba ɗan ƙanin miji ba, in na yi masa tayi sai ya sunkuyar da kai.

Yelwa ce kaɗai ba ruwanta, 'yar Isyakun nan mai wushirya. Da ta ji ƙarar taɓarya za ta faɗo min ɗaki.

"Tsohuwa, me kike ci ba ki kira mai gida ba?"

Na ce, "Ke ce mai gidan?"

Ta ce, "To wa? Ke ai haƙoranki sun ƙare, kawo in taya ki."

Sai in dunƙula mata a tafin hannu, ta lashe har gwiwar hannu ta fice.

Lantana ta ce takarda ta kusa cika. Ki gaida kowa da kowa. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Hajo

*

Karaye,
21 ga Yuli, 1991

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Takardarki ta iso ta hannun Ilu, na karanta har sau biyu, na yi dariya har Hajiya ta leƙo ta ce ko lafiya.

Dalilin rubuto wannan shi ne in sanar da ke Allah Ya sauke ni lafiya. An sami namiji, an raɗa masa Aminu. Na so a ɗauko ki, amma Malam ya ce hanya ta ɓaci da ruwa, kuma jikinki bai gama ƙwari ba. Hajiya ce take yi min wanka, ba ta wasa da tafasasshen ruwa. Na sami hutu daga makaranta har bayan arba'in.

Ni ma yanzu na zama irinki, Inna. Kauri da safe, ƙafar sa da rana, ga kunun kanwa. Habiba ta ce gidan nan ni kaɗai ce mai gata.

Na yi murna ƙwarai da jin kiyashi sun daina zuwa. Wannan alama ce maganin yana aiki. Don Allah kada ki sa ko loma ɗaya ta tuwo a bakinki, komai kwaɗayi. Maganar kunya kuma ki bar ta, lafiyarki ta fi. Ba sata kika yi ba, surukinki ne yake saya miki.

Ki gaida Yaya Isyaku da Barira, ki ja min kunnen Yelwa. Ina gaida Lantana, Allah Ya saka mata.

'Yarki mai biyayya,
Maijidda

*

Zoza,
ranar kasuwa

Auta,

Lantana ce dai take rubuta min. Barka, barka da arziki! Allah Ya raya Aminu, Ya sa mahaddaci ne. Ki ce masa matarsa tana nan Zoza ta rame, in ya zo ba zai gane ta ba. Ina gaida Hajiya da aikin wanka, Allah Ya biya ta.

Ramar da nake faɗa ba wasa ba ce. Zanena yanzu sai na ninka shi. Amma ƙarfi ina da shi, jiya ni na faskara icena.

Akwai wasu 'yan abubuwa, ban san ko in faɗa ba. Bari dai in faɗa, uwa ba ta ɓoye wa auta.

Ungulu sun gane ɗakina. Kullum da hantsi za ki ga biyu ko uku a kan jinka, sun saki fiffike suna kallon tsakar gida. Na san ƙashin da nake zubarwa ne ya jawo su, na koma binnewa, ba su daina ba. In na fita unguwa karnukan rugar Hamma su biyo ni, ba haushi ba komai, tafiya kawai suke a bayana kamar na aike su. Ran nan na shiga gidan gaisuwar rasuwa da karnuka a ƙofa suna jirana. Mata suka bi ni da kallo. Akuyata ma da na rena tun tana shan nono, yanzu in na miƙa mata dusa sai ta ja igiya.

Kuma an ce bakina yana wani irin wari. Ba wanda ya faɗa min, amma ga Lantana nan, da a kan turmi take zama, yau a bakin ƙofa take rubutu, wai haske take nema. Rubuta, Lantana, ai ba zagi ba ne.

Hancina kuma ya buɗe, buɗewar da ban so ba. Ina zaune a ɗaki zan san wa ya shigo zaure. Kowa da warinsa, Auta, ashe haka mutane suke. Isyaku ƙasa da gumi. Barira daddawa. Jarirai kamar nonon da aka tatso yanzu. Wannan hancin ne ya sa na yi wauta.

Yelwa ta shigo karɓar rabonta, ta jingina da ni, sai na ji warinta ba nata ba ne. Wani ɗan zaƙi-zaƙi, kamar naman da ya kwana a rufe. Na taɓa goshinta, sanyi lau. Tana tsallenta tana waƙa. Amma na leƙa na ce wa Barira, "Ki sa ido a kan yarinyar nan, ciwo za ta yi."

Barira tana tankaɗe, ta tsaya da rariya a hannu. Ta ce, "Iya, ciwo kuma? Wa ya gaya miki?"

Na ce, "Ji na yi."

Ta ce, "A ina kika ji?"

Na ce a hanci. Ta kalle ni, ta kalli ungulun da ke kan ɗakina, ta ce, "Yelwa, zo nan ki riƙe min ƙwarya." Tun ranar ba a bar ta ta shigo min ba.

Saura ɗaya, wannan ban faɗa wa kowa ba. Da rana tsaka, rana ƙwal, ina zaune a inuwar rumbu Yelwa ta wuce za ta rijiya da gwangwaninta. Sai na ga wani ɗan tsako fari fat yana bin diddiginta. In ta tsaya ya tsaya. Kin san gidan nan ba kazar da ta yi ƙyanƙyasa, ciwon kaji ya share su tun bazara. Na ce, "Ke mai gida, ɗan tsakon wa kika sato?" Ta waiga ta duba ƙafarta ta ce, "Wane ɗan tsako, tsohuwa?"

Da na sake dubawa babu shi. Kuma Auta, yawuna ne ya tsinke.

Lantana, me ya sa kika tsaya? Rubuta mana. Rana ce ta dake ni, shi ke nan. Tsohuwar da ba hatsi a cikinta ai sai ta ga abin da ya fi haka.

Ki tambayar min mai farar rigar nan ko haka naman yake yi wa kowa. Ki shafa min kan angona. Na bar ki lafiya.

Hajo

*

Zoza

Auta, gaisuwa a taƙaice, ina fatan ke da yaron kuna lafiya. Na roƙi Ilu ya juya da wannan yau ɗin nan, kar ya jira kasuwa. Lantana ta zo min ta bayan danga, mijinta bai sani ba, Allah Ya rufa mata asiri.

Yelwa ta kwanta. Kwana biyu bayan maganar da na yi zazzaɓi ya rufe ta. Isyaku ya sayo ƙwayoyi a kemis, ta amayar. Yanzu ba ta gane mutane, sai surutai.

Uwar Barira ta zo, ta aika Rogo Ruma aka ɗauko wani Ɗanmaliki mai maganin mayu. Wani ɗan siriri da jaka ta fatar tunku. Ya sa aka kawo kasko da garwashi, ya barbaɗa garinsa, ya lulluɓe yarinya da zane ita da hayaƙin. Ya ce duk wanda ya riƙe ta yanzu za ta kira sunansa. Ina tsaye a bakin ɗakina ina jin tarinta. Sai na ji muryar nan 'yar ƙarama daga cikin zane.

"Iya Hajo. Iya Hajo."

To wa za ta kira, Auta? Yarinyar da kullum tana gindina, an raba ta da ni, an turnuƙe ta da hayaƙi, wa za ta kira?

Kafin la'asar gida ya cika. Uwar Barira ta tsaya a tsakar gida ta riƙe ƙugu.

"Wata nawa tsohuwar nan ba ta sa hatsi a baki ba? Wane ɗan Adam ne zai rayu da nama zalla in ba irinsu ba? Ita ta faɗi ciwon tun bai zo ba! Na dabba ya daina isarta, shi ke nan."

Na ce, "Ke Lami, da ni da ke mun yi surfe a turmi ɗaya."

Ta ce, "Surfe ba asali ba ne. Daga Kafin Dafga aka kawo ki, naki duk sun mutu, wa ya san nonon da kika sha?"

Kin san abin da suke so. In mayya ta kama kurwar mutum, sai an sa ta ta tsallake shi a gaban jama'a, ta kurkure baki a ba shi ruwan ya sha, sannan ta sake shi. Ɗanmaliki ya ce in fito in tsallaka. Na ce ko uwarsa ce ta haife ni ba zan tsallaka ba. Na shige ɗaki.

Isyaku ya biyo ni ya durƙusa, babban mutum da gemunsa yana hawaye. Ya ce, "Iya, wallahi ni ban yarda ba. Amma ki tsallaka ɗin, a huta. Me zai rage ki da shi?"

Na ce, "Isyaku, in na tsallaka ta tashi fa?"

Ya tashi ya fita.

Shi ne abin, Auta. In na ƙi ta mutu, ni na cinye ta. In na tsallaka ta tashi, na sa hannu da kaina cewa ni ce. Kuma ba ni kaɗai ba. An ce a nono ake sha. Ni na ba ki, ke kin ba su Habiba, ga Aminu a ƙirjinki yanzu. Ni na gama rayuwata, ko me aka kira ni kabari ɗaya ne. Ku nake ji.

Ina jin nishinta daga nan. Ki gaya min yadda zan yi.

Hajo

*

Karaye,
13 ga Agusta, 1991

Inna,

Ina gaishe ki. A gaggauce nake, ki yi haƙuri da rubutun, Lantana.

Kada ki tsallaka. Na roƙe ki da girman Allah, Inna, kada ki tsallaka.

Malam ya sami malamin asibiti, zai biyo Ilu a babur da asuba da allurai. Ya ce daga yadda aka kwatanta zazzaɓin sauro ne ya hau mata kai, kuma ana tashi in an yi allura a kan lokaci. Ki bari allura ta yi aikinta, kowa ya ga ita ta yi. Da ba na cikin jego da ƙafa zan taho, amma Hajiya ba za ta bar ni in taka ko zaure ba, kuma ban gaya mata dalili ba.

Kin san gidan da nake. Malam magatakarda ne a ofishin hakimi, kakansa ma a nan ya yi aiki. Gida ne da in za a karɓi ko 'yar aiki sai an tambayi asalinta. Idan aka ce uwata ta tsallake yarinya ta tashi, ba wanda zai zage ni, ba haka suke yi ba. Za dai a daina cin abin hannuna. Iyaye za su cire 'ya'yansu daga ajina. Habiba za ta girma ba mai sallama da ita. Kuma za a cire min Aminu daga nono, Inna, na san za a yi.

Laifina ne, ni na ce nama kawai. Ki bar shi daga yau. Na gaya wa Ilu kada ya ƙara kawowa. Ki sa a zubo miki tuwo ki zauna a tsakar gida ki ci kowa yana gani, suga ya yi abin da zai yi, ma nemi wani maganin.

Maganar ɗan tsako kuma kada ki ƙara yi wa kowa. Lantana, amana.

Ki yi haƙuri, ki daure kwana ɗaya tak.

'Yarki,
Maijidda

*

Zoza

Auta,

Ina gaishe ki, ina gaida yaron. Lantana ta karanta min takardarki, na sa ta maimaita. Yanzu ki saurara, kar ki yi fushi sai kin ji ƙarshe.

Mai allura ya zo da hantsi, yaro mai hankali. Ya yi mata, ya ce a ba shi zuwa gobe, ya bar wata allurar ya nuna wa Isyaku inda za a kai ta a ƙara. Ɗanmaliki yana zaure yana cin goro, ya ce a yi ta allura, ai kurwa ba a jijiya take ba.

Na yi yadda kika ce. Na sa aka zubo min tuwon masara da miyar kuka, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Mata sun kewaye ni kamar masu kallon wasa. Tuwon da na yi wa kuka, Auta. Na kai loma, sai na ji kamar yumɓu. Na haɗiye da ƙyar, na ƙara, na ƙara. Cikin da ya manta hatsi. Ban kai rabin malmala ba ya juyo gaba ɗaya a gabansu. Wata ta ce, "Kun gani ko? Ba ya zama." Da ban ci ba ma ya fi.

Da la'asar sakaliya sai ihu. Yarinya ta sanƙare, idanu sun kafe sama, haƙora sun datse. Ina ɗaki na toshe kunne da mayafi, ina cewa gobe, mai allura ya ce gobe. Sai labule ya ɗaga. Barira ce, ba ɗankwali, da rarrafe ta shigo. Matar da tun da aka fara ba ta kalli idona ba. Ta kama ƙafafuna biyu ta kifa fuskarta a kai.

Ta ce, "Iya, ko ke ce ko ba ke ba ce. Ni ban sani ba, ba na son in sani. Ita kaɗai gare ni mace. Iya, ke ma kin haifa."

Na tuna da ke, wallahi na tuna da ke. Na ga Aminu da ban taɓa gani ba. Amma ku kuna numfashi, Auta, ita kuwa tana can tana shure-shure. In na zauna ta cika kafin goben, da wane ido zan ce ai ina tsare sunan jikokina ne?

Na tashi.

Sun fito da ita tsakar gida a kan tabarma. Mutane har kan danga. Na tattare zanena, na ce bismillahi, Allah Kai ne shaida ban san komai ba. Na ɗaga ƙafa na tsallaka. Na juyo na tsallaka. A na ƙarshe ƙafata ta dama ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutsen niƙa, sai da Isyaku ya riƙe ni. Aka miƙo min moɗa na kurkure baki na zuba a ludayi, Barira ta ɗura mata ta gefen haƙori.

Shiru. Har na fara cewa a raina to, ga shi nan, ba abin da ya faru, na wanku. Kin ji abin da na yi fata, Allah Ya yafe min.

Sai ta yi atishawa.

Gumi ya karyo mata kamar an kwara ruwa. Jikin ya saki. Ta buɗe ido tana bin mutane da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ce alhamdu lillahi, Auta. Abin da na ji daga bayan danga shi ne, "Ta sake ta."

Idonta ya zo kaina ya tsaya. Na ce, "Mai gida, kin tashi?" Ba ta yi dariya ba. Ta ce, da 'yar muryar nan, kowa yana ji:

"Iya, ƙarƙashin ƙwaryarki da zafi. Na yi ta kira ba ki buɗe ba."

Na san zazzaɓi yana sa mafarki. Na san kwana da kwanaki ana maganar mayya tana kife kurwa a ƙwarya ko tukunya, a kanta tana ji. Na san an yi allura da safe. Duk Isyaku ya faɗa min wannan, yana faɗa yana kallon ƙasa.

Amma ga abin da shi bai sani ba. Tana rufe baki, yunwar nan da na ce miki an ɗauke min ta dawo. Gaba ɗaya, a tsaye. Irin yunwar wanda aka karɓe wa kwano daga gabansa.

Na koma ɗaki na buɗe duk ƙoren da na kife. Ba komai sai ƙura.

Yelwa ta sha kunu yau. An ce ta zauna. Ki yafe min, Auta.

Hajo

*

Karaye,
19 ga Agusta, 1991

Inna,

Ina gaishe ki, ya jiki. Na gode Allah da Yelwa ta tashi. Ba abin da zan yafe miki.

Labari ya riga takardarki zuwa, 'yan kasuwa sun kawo shi. Malam ya ce allura ce, ya ce duk wanda ya ɗaga maganar a gidansa zai gamu da shi. Hajiya ta yi min wanka kamar kullum. Da ta gama sai ta ajiye gwangwanin madara da sabon bulumboti a kan teburina, ta fita. Ba ta ce in ba Aminu ba, ba ta ce kada in ba shi ba.

Tun jiya suna nan a ajiye. Ba wanda ya karɓe min yaron, Inna. Ni ce na kasa. Ya yi kuka, na ɗauke shi, nono yana zuba har ya jiƙa min riga, na kai shi bakinsa sai na janye. Ruwan zuma na ɗiga masa. Ni da nake koya wa yara cewa sauro ne yake kawo zazzaɓi.

An kawo min ƙafar sa da rana. Na cinye tas, na tsotse ƙashin, sannan na zauna ina kallon kwanon ina jin tsoron daɗin da na ji.

Ke kika san uwarki, ni ban san ta ba. Ki gaya min gaskiya, ko wace iri ce. In ba shi ko kada in ba shi?

'Yarki,
Maijidda

*

Zoza

Auta,

Lantana ce take rubuta min, yau a kan turmi ta zauna, ban san me ya shiga kanta ba.

Ina gaishe ki. Uwata sunanta Ladi, saƙar faifai take yi, tana tsoron tsawa, ta mutu da tari. Ban taɓa ganin ta da abin kowa ba. Iyakar abin da na sani ke nan. Kaina ma da na zauna da shi shekara da shekaru, yau in aka ce in dafa Alƙur'ani a kansa sai na yi tunani.

Ki ba shi nono. Yanzun nan, kafin ki ninke takardar. Yaro ba ya rayuwa da ruwan zuma. In akwai abu a ciki, ke ma kin sha, kin girma kin yi karatu kin haifa, ba ki ci kowa ba.

Sai dai ki riƙe wannan. Ran da ya yi zazzaɓi, ki kai shi a yi masa allura. In kun dawo, kar ki jira a tara miki mutane. Ki tura ƙofa, ki kwantar da shi a ƙasa, ki tsallake shi ke kaɗai, tun da wuri.

Na gaji, Lantana. Ya isa haka.

Maijidda, ni ce Lantana. Daga nan ta juya ta fuskanci bango. Na jira ko za ta yi miki sallama, ba ta yi ba. Ki huta lafiya.